Yabon da Verna Rautio Ta Yi Wa Curtis Dahlby

Verna Rautio yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A garinmu Vesper, can arewacin Minnesota inda ake haƙar tama, in ka ce Verna ba sai ka ƙara komai ba. Kowa ya san muryarta a rediyo, murya mai kaushi kamar ta wanda ya daɗe yana shan taba, alhali ba ta taɓa sa ta a baki ba.

Tun muna yara hoki, wasan sanda da ake yi a kan ƙanƙara, ya zame mata jiki. Yayyenmu maza uku ne, kuma in tafkin bayan gida ya daskare sai sun sami mai tsaron raga, don haka sukan ɗaura mata tsofaffin mujallu a ƙwauri su tsayar da ita suna ta buga mata faifai, ɗan roban da ke matsayin ƙwallo a wasan. A zamanin babu ƙungiyar mata, wasanta bai wuce tafkin nan ba. Amma tsayuwar raga ta koya mata kallo. Tana iya zama a wasa ta gaya maka wanda zai gaji kafin shi kansa ya sani.

Da wannan bakin ta sami miji. Reino Rautio yana buga wa kwalejin garin wasa, ita kuwa tana sayar da kofi a bakin fili. Wata rana bayan an tashi ya zo saye, ta miƙa masa kofin ta ce, "Kai ɓangaren hagu kawai ka iya juyawa. Ranar da abokan hamayya suka gane, ka gama yawo." Ya yi fushi ya tafi bai karɓi canji ba. Bayan mako guda ya dawo ya tambaye ta me kuma ta gani. Suka yi aure da bazara. Daga baya ya zama kocin kwalejin, ya riƙe ƙungiyar shekara ashirin da wani abu. Ba su haihu ba, amma ban taɓa zuwa gidansu na tarar da teburin abinci babu 'yan wasa ba.

Cikin waɗanda suka ci a teburin akwai Curtis Dahlby. Yaro ne daga wata gona a yamma, ya zo da jaka ɗaya da takalman ƙanƙara da suka yi masa kaɗan. Verna ta ba shi ɗakin ƙasa, ta ciyar da shi har ya gama karatu. Mama V yake kiranta. Da ya gama, Reino ya ɗauke shi mataimaki, suka yi shekaru kafaɗa da kafaɗa a benci.

Wani hunturu, ana tsakiyar wasa, Reino ya kira wani yaro da sunan ɗan wasan da ya bar kwalejin tun da daɗewa, kuma na ɗan lokaci ya kasa tuna zagaye na nawa ake. Curtis kaɗai ya lura. Reino ya je asibiti, likita ya ce ƙaramar matsala ce ta jijiyar ƙwaƙwalwa, magani zai riƙe ta. Ya kira Curtis gida, a gaban Verna, ya roƙe shi ya rufa masa asiri har ƙarshen kakar wasa, shi da kansa zai sauka da mutuncinsa ya kuma ba da sunan Curtis a matsayin magaji. Curtis ya yi kuka, ya rantse. Satin bai ƙare ba ya je gaban hukumar kwaleji ya ce tsohon ya fara ruɗewa, yara na cikin haɗari. Aka sauke Reino a watan Janairu, kaka na tsaka, aka ba Curtis kujerar da dama shi za a ba in ya yi haƙurin wata uku.

Reino bai sake taka filin ba. A gareji yakan zauna ya saurari wasa a ƙaramar rediyo. Hunturu na biyu ya faɗi a ƙofar gida yana kwashe dusar ƙanƙara, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa.

Ranar jana'iza, bayan an dawo daga coci, matar Curtis ta shigo da kwanon dankali da nama kamar yadda kowa ya kawo. Verna ta karɓa da hannu biyu, ta ratsa falo, ta fita bayan gida, ta ajiye wa karen maƙwabta. Mutane suna kallo ta taga. Ta tsaya har ya lashe kwanon tas, sannan ta dawo ta miƙa wa matar abinta. 

Bayan shekara guda, Lyle Ostrowski, mai gidan rediyon garin, ya gaji da jin tana sharhin wasa kyauta a shagon kofi na Aili, ya ce ta zo ta zauna kusa da shi ta yi a iska. Shi yana bayar da labarin wasa, ita tana fashin baƙi. Nan ta sami abin da take nema. Duk canjin da Curtis ya yi sai ta tsige shi.

"Lyle, in da ni ce uwar yaron nan mai lamba tara, da na zo na ɗauke shi tun kocinsa bai ƙarasa lalata shi ba."

"Verna, ai su ne a gaba da ci biyu."

"Su ne a gaba duk da shi. Ka yi tunanin inda za su kai in da suna da koci."

Da farko gari ya ji daɗi, har masu haƙar tama na maimaita maganganunta a wurin aiki. Amma da abin ya ɗauki shekaru, sai tausayi ya koma kan Curtis. Mata a coci suka fara cewa ya kamata Verna ta bar wa Allah. Shi kuwa in an tambaye shi sai ya sunkuyar da kai ya ce Mama V uwa ce a gare shi, ba zai mayar mata da magana ba. Kwaleji ta sabunta masa kwantiragi.

A kakar da nake son ba da labarinta, 'yan jaridar birni sun yi hasashensu na farkon shekara, suka sa Vesper ta biyun ƙarshe a rukuninmu. Ba wanda ya yi mamaki, don a kakar da ta gabace ta mun sha kashi. Verna ta gurɗe a ƙafa lokacin, sai ta ce in kai ta kallon atisaye. Muka zauna can sama, filin babu kowa sai mu da sanyi. Ta zuba wa yaran ido tun daga farko har ƙarshe. Sai da muka shiga mota ta yi magana.

"Joyce, 'yan birnin nan ba su san abin da suke faɗa ba."

"Kina nufin na ƙarshe ya kamata a sa su?"

"Ke dai tuƙa mota. Wasannin da suka faɗi bara, kusan duka da ci ɗaya ne, kuma yaran duk 'yan shekarar farko ne a lokacin. Yanzu sun yi ƙwari. Kin ga sahunsu na uku, masu shigowa canji? Ba su da bambanci da na farko. Manyan makarantu taurari uku suke da su, in sun gaji a zagaye na uku shi ke nan. Waɗannan za su yi ta zuwa kamar ƙudan zuma. Sannan golan nan na Manitoba, Marcel Tetreault, da kowa ya ƙi ɗauka wai ya yi gajarta, faifai ba ya dawowa daga jikinsa. In ya tare ya tare."

Na ce, "To sai ki ja bakinki ki yi shiru, tunda ba ki da abin suka."

"Shiru? Yabonsa zan yi."

"Golan?"

"Curtis."

Saura kaɗan in hau kan akwatin wasiƙun wani. Na tsayar da mota na dube ta.

Ta ce, "Shekara nawa ina sukarsa, ƙiba kawai yake ƙarawa. Garin nan ya yi masa daidai. Yaran da ba wanda ya so su, in ya ce su kwanta a ƙanƙara za su kwanta. Amma kai shi babbar jami'a a birni, inda yara ke da wakilai da iyaye masu baki, inda 'yan jarida za su tsare shi duk ranar da aka ci shi, ki ga abin da zai yi. Ni na ciyar da shi. In ya fasa kofi a kicin, kyanwa yake ɗora wa laifi. Kocin da ke can yanzu kujerarsa na rawa, kowa ya sani. Curtis kuma tun yana ɗakin ƙasa hoton filinsu ne a bangonsa."

"Verna, wannan mugunta ce."

"Ban ce miki sadaka ba ce."

A satin ta buga waya wani shirin wasanni na rediyon birni, wanda wani Skip Varney ke gabatarwa, mutum mai son dariyar kansa. Ina zaune a kicin ɗinta ina ji.

"Muna tare da Verna daga Vesper. Madam, akwai wutar lantarki a can kuwa?"

"Akwai, Skip. Da ita muke kallon yaranku suna haki a zagaye na uku."

Ya yi dariya. "To me ke tafe da ke?"

"Kun sa mu ta biyun ƙarshe. Waye a cikinku ya zo ya kalle su?"

"Madam, ba sai na je ba. Ba ku da ɗan wasa ko ɗaya da ƙungiyoyin ƙwararru suka sa wa ido."

"Shi ya sa za su zauna tare su yi wasa tare. A watan Disamba za su zo gidanku su doke jami'arku. Ka riƙe sunan nan, Curtis Dahlby. Babu kocin da ya kai shi a jihar nan, kuma kana ji daga bakin matar da ba ta ƙaunarsa."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta yi aiki. Kowa a harkar hoki ya san abin da ya faru da Reino. In matar Reino ta ce Curtis gwani ne, wa zai musa? Skip ya mayar da abin barkwanci, yana sa muryarta kowane mako yana dariya, bai san tallar da take so yake yi mata ba.

Wasan Disamba da rana aka yi, muka cika bas biyu daga Vesper. Zagaye na farko kamar za a kashe mu. Jami'ar ta yi ta ruwan faifai, ta ci ɗaya, Marcel ya tare sauran, wani da hannu, wani da ƙafa, ɗaya da fuska. A zagaye na biyu muka rama. A na uku abin da Verna ta faɗa a mota ya faru a gaban idona. Taurarinsu suka fara jingina da sanduna, yaranmu na sahu na uku, waɗanda ko sunansu mai sanarwa bai iya faɗa daidai ba, suka zura biyu. Filin mai ɗaukar dubban mutane ya yi tsit, sai ihun bas biyu. A rediyo Lyle yana kuka. Verna kuwa da muryarta ta kullum ta ce, "Wannan aikin koci ne. A rubuta."

Haka ta yi har ƙarshen kaka. Gola ya tare, ta ce Curtis ne ya gano shi. 'Yan baya suka yi kyau, ta ce tsarin Curtis ne. Ba ta taɓa faɗin ƙarya a kan ƙarfin ƙungiyar ba, sai dai duk alherin ta tattara shi a kan mutum ɗaya. Vesper ta ɗauki kofin rukuni, ta je gasar ƙasa, sai a wasan kusa da na ƙarshe aka fitar da ita. Garin bai taɓa ganin irin wannan ba.

Wata safiya muna shagon Aili muna cin burodin pulla, Curtis ya shigo. Ya tsaya a gaban teburinmu yana murza hula.

"Mama V, na ji duk abin da kika faɗa. Ban san yadda zan gode miki ba."

"Gaskiya na faɗa, Curtis."

"Na daɗe ina addu'ar ranar nan. Da Koci yana raye..."

"Zauna lafiya," ta katse shi. "Kofinka zai huce."

Ya sunkuya ya rungume ta, ta bari. Aili ta share hawaye da gefen riga, mutanen shagon suka yi tafi. Da muka fito, Verna ta cire rigar sanyin da ya taɓa, ta jefa a akwatin da coci ke tara kayan mabukata, ta taka har gida a cikin iska da 'yar suwaita.

Ba a jima ba jami'ar birni ta sallami kocinta. Cikin kwamitin neman sabo akwai wani likitan haƙori, tsohon ɗan wasan Reino. Verna ta buga masa waya, ta ce in suka bar Curtis ya kuɓuce musu za su yi da-na-sani. A walimar ƙarshen kaka Curtis ya tsaya a gaban gari ya ce Vesper gidansa ce, nan za a binne shi. Ba a yi sati biyu ba muka gan shi a talabijin sanye da rigar jami'ar. Ya tafi da Marcel da wasu yara biyu mafiya kyau. Aili da kanta ta sauke hotonsa daga bango. Matan da ke cewa Verna ta bar wa Allah suka koma tsine masa a layin kanti. Verna kuwa a watan nan ta yi wa kicin ɗinta sabon fenti, tana waƙa.

Shekarar farko a birni ba yabo ba fallasa. A ta biyu aka fara cin su. Bayan wani wasa da suka sha kashi a gida, 'yan jarida suka tsare shi, ya ce koci ba zai iya shiga raga ya tare wa gola faifai ba, ya kuma ambaci sunan Marcel. Mako na gaba laifin mataimakinsa ne, na gaba kuma na yaran zamani da ba sa jin magana. Manyan 'yan wasan suka haɗa kai suka je wurin hukuma. A shekara ta uku, kafin Kirsimeti, kowa ya san kwanansa ya ƙare.

Verna ta ce in kai ta birni. Ta sayi kujera daidai bayan bencinsa, ta sa tsohuwar jaket ɗin Reino mai tambarin Vesper. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi tafi ba. 'Yan kallo ne ke rera a kore shi. Ya waiwayo sau ɗaya a zagaye na biyu, suka haɗa ido ta cikin gilashi, bai sake waiwayowa ba.

Bayan wasan muna fita ta wani lungu sai ga shi, shi kaɗai, ya sassauta ɗamarar wuya. Ya tsufa ƙwarai.

"Kin zo kallo ke nan."

"Na biya kuɗin kujera."

"Wani ɗan jarida ne ya gaya mini yanzu. Wai gobe za a sanar. Ko su kira ni ba su yi ba."

"Reino ma a bakin mai shara ya ji."

Ya ce, "Duk yabon nan, Mama V. Dama don wannan ne?"

"Kada ka ƙara kira na da sunan nan."

"Amma ƙungiyar tana da kyau. Ba ƙarya kika yi ba. Ni na gina ta."

"Tana da kyau, kuma kai ka gina ta. Da ka zauna, da har yanzu kana da ita. Wata uku ya roƙe ka, Curtis. A kicin ɗina, kana cin abincina."

 Ta kama hannuna ta ce mu tafi, ƙafarta na ciwo.

A hanya na kasa haƙuri. Na ce mata Marcel fa? Yaron ya bar makaranta bayan abin da Curtis ya faɗa a kansa, ya koma Manitoba yana aiki a rumbun hatsin kawunsa. Vesper kuma tun tafiyarsu take ƙasan tebur, har an fara maganar ko kwaleji za ta iya ci gaba da riƙe ƙungiyar. 

Ta ce, "Yaron yana damuna. Ban yi tsammanin zai bi shi ba."

"Da kin sani da kin fasa?"

"A'a."

Na ci gaba da tuƙi har muka tsaya shan mai.

Ƙungiyar ba ta mutu ba. Sai da ta yi shekaru tana jan jiki kafin ta miƙe. Curtis ya koma Dakota, an ce yana horar da 'yan sakandare yana sayar da inshora. Verna ta ci gaba da rediyo har kunnenta ya yi nauyi, Lyle ya gaji da maimaita mata tambaya a iska.

Bara kwaleji ta sa wa filin sunan Reino. Aka shimfiɗa jan kafet a kan ƙanƙara, aka tura ta a keken guragu har tsakiya, tsofaffin 'yan wasansa sun jeru da furfura da tumbi. Ina tsaye a bayanta na hango Curtis can sama kusa da ƙofa, hula a hannu. Na sunkuya na raɗa mata. Ta ce ta gan shi tun kafin ni. Da aka ba ta makirufo ta gode wa kwaleji, ta kira sunan duk wanda ya taɓa yi wa Reino mataimaki, ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya yi kaka guda kawai ya tafi soja. Ta tsallake sunan Curtis, ta ɗan yi shiru a daidai wurin don kowa ya gane, sannan ta ci gaba. Ko da na sake ɗaga kai, babu kowa a bakin ƙofar.

Aka naɗe kafet, aka fara wasa. Ta ƙi a kai ta ɗakin manyan baƙi, ta ce daga can ba a ganin ƙafafun 'yan baya. Na tura ta har bakin gilashi, na rufa mata bargo, ta ce in je in samo mata kofi, kada in bari su zuba madara.